Jibrin, Wanda Ya Maido Mini da Kiran Salla

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 1979, da hantsi aka iske ni a ƙofar masallacinmu na Ƙofar Atiku aka ce Malam Jibrin ya rasu, mota ta kife da su a hanyar Gusau. Shi ne ma'aikacin asibitin da ke koya wa masu ciwon ƙirji yadda za su ja numfashi. Ni ladan ne, ina cikin waɗanda ya koya wa.

Jibrin, kai ka san halin da na zo maka. Shekara ashirin da biyu ina kiran salla, sai fuka ta ci ƙarfina. Kullum na kai "Hayya alal falah" sai numfashi ya yanke, tari ya cika lasifika, unguwa duka tana ji. Dattawan masallaci sun ce in huta bayan azumi, a sa wani. Ban musa ba, amma na shiga ɗaki na yi kuka.

Likita ya ce in riƙa hura iska a hankali sau talatin kullum. Na yi kwana biyu na watsar. Kai ba ka yi mini faɗa ba, sai ka kai ni wani ɗaki ka zaunar da ni gaban talabijin. Da kuka je kwas Ingila, abokanka sun dawo da rediyo da agogo, kai ka dawo da akwatin wasa: ɗigo fari yana yawo a gilashin talabijin, ana tare shi da 'yar sanda. Ka cire abin murɗawar, ka ɗaura robar hurawa da ɗan zugazugi da ka ɗinka da hannunka. In mutum ya hura, sandar ta hau. In ya gaji, ta sauko, ɗigon ya wuce.

Na ce, "Ni da hurhurata ka aza ni wasan ƙanana?"

Ka ce, "Baba Ladan, Asabe mai tuwo ta tare shi sau tara jiya. Kai kau ban sani ba."

Ka san inda za ka taɓa ni. Na kama robar nan. Ranar farko sau biyu na tare, na tashi ina huci ina zagin akwati. Washegari na riga kowa zuwa. Da ƙarfi nake hurawa, sandar ta yi sama ta wuce wuri, har na gane sai da lallashi take tsayawa. Ashe abin da likita ya faɗa ne ka ɓoye a cikin wasa. Har yau ina mamakin yadda Allah ya sa maka wannan dabara a zuciya.

Wata huɗu muna haka. Ranar ashirin ga azumi na kira La'asar tun daga farko har ƙarshe, ban yi tari ba. Da na sauko na gan ka jingine da babur ɗinka, kana duba agogo. Ashe lissafa tsawon numfashina kake yi. Dattawa ba su sake tayar da maganar hutu ba.

Jiya aka kawo ka masallacinmu. Na so in ɗaga maka muryar nan da ka gyara, sai na tuna sallar gawa ba a yi mata kira. Na tsaya a sahu na yi shiru, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, Jibrin, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna makomarka. Ina yi wa mai ɗakinka Sadiyatu da 'yarka Binta ta'aziyya, da duk masu jiran layi a ɗakin nan na talabijin. Allah ya ba mu haƙuri. Ina roƙon Ubangiji, duk kiran da na kai ƙarshensa daga yau, sau biyar a yini, ya rubuta maka ladansa.

Tambari Ladan, Ƙofar Atiku, Sakkwato