Merv Tunks da Wandon Roba

Merv Tunks bai taɓa yarda an haifi wanda ya fi shi sanin Tafkin Eucumbene ba, kuma kullum hujjarsa ɗaya ce: gidan ubansa na ƙarƙashin ruwan. Yana yaro aka datse kogi, ruwa ya cinye gari. Tun daga nan yake bin tafkin da fatsa kamar mai neman ramuwa. Mata biyu ya aura, duka suka gudu saboda ƙarnin kifi.

Da Oktoba ta kama, ƙanƙarar duwatsu ta narke, sai tafki ya hau kan ciyawa, tsutsar tana ta fito daga ƙasa, kifi ya biyo ta har bakin gaɓa. Lokacin Merv ke nan. Masu kwale-kwale su yi ta jifa da fatsa mai ɗauke da cokali mai ƙyalli da kifin roba, shi kuwa ya zura wandonsa na roba mai kaiwa ƙirji, ya saƙala tana a ƙugiya, ya kutsa ruwa.

"Kifi ba mace ba ne," in ji shi, "ƙyalli ba ya ruɗarsa."

Bana ya haura tamanin. 'Yarsa Raelene ta zo daga Cooma ta tsaya masa a ƙofar bukkarsa ta bakin tafki.

"Baba, ka sake shiga ruwan nan kai kaɗai, wallahi gidan tsofaffi zan kai ka."

"Ke da kike tsoron bahon wanka za ki koya min ruwa?"

"To ina ɗamarar wandon?"

"Ta yi min kaɗan."

Gaskiya ya faɗa, tumbi ne ya fi ƙarfinta. Amma ɗamarar nan ita ke hana ruwa cika wando in mutum ya faɗi.

Ƙarar motarta ba ta gama ɓacewa ba ya sauka gaɓa. Kamar kullum, ba sanda yake dogarawa ba, tsohuwar hanyar garinsu ta ƙarƙashin ruwa yake bi da ka: nan shagon burodi, can kwanar coci. Sai dai ruwan bana ya zaizaye gefen hanyar. Ƙafa ta zarce, ruwan ƙanƙara ya kwarara cikin wando, Merv ya zama buhun ruwa, ya fara nutsewa.

Maƙwabciyarsa Glenys, mai jifa da cokalin da yake zagi, ita ta jawo shi da ƙugiyar kwale-kwale.

"Lallai yau na kama tsohon kifi," ta ce, tana haki.

Haƙoransa na kaɗawa ya ce, "Kada ki gaya wa yarinyar."

"Leɓenka ya yi shuɗi, tsoho. Asibiti za mu, su za su gaya mata."

Ciwon huhu ya kwantar da shi har rani. Raelene kuwa ba ta maimaita magana. Ta sayar da bukkar, ta rabar da sandunan fatsa. Yanzu yana zaune a falon gidan tsofaffi, gefen akwatin gilashi mai jajayen kifaye, an kuma hana shi ba su abinci.