Saura Kwana Tara Ta Cika Dubu

Yayana mai gyaran kwamfuta ne, kuma duk layin shagunansu Ba-a-kashewa suke ce masa. Wata tsohuwar laftop mai kaurin bulo ce ta jawo masa sunan. Ya ɗora mata manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, kuma tun ranar bai kashe ta ba. Masu irin wannan manhaja suna da wata cuta: ƙirga kwanakin da na'ura ta yi a kunne, da tinƙaho kamar sun gina wa gari asibiti. Kowace safiya, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya buga umarni a baƙin allo, lamba ta fito, ya rubuta ta da alli a jikin ƙofa. Batirin mota biyu ya haɗa mata saboda ɗaukewar wuta. Matarsa ta ce ko ranar da ta haihu ba ta ga rabin wannan kulawar ba.

Ranar da na je masa da kaset, ƙofa na cewa 991.

Ƙaramin kaset ɗin bidiyo ne, na tsinta a ƙasan akwatin Mama shekara shida bayan rasuwarta. Hotunanta muna da su birjik, muryarta ce babu a ko'ina. Mai hoton da ke maƙwabtaka da Yaya yana da tsohuwar kyamarar da ke cin irin kaset ɗin, amma ya riga ya sayar, kuma mai ita zai zo ɗauka ƙarfe huɗu. Ya ɗaga kaset ɗin ya duba a haske, ya ce, "Ƙanwata, wannan ya fara fumfuna. In ya juya sau ɗaya lafiya, ki gode Allah."

Wayar kyamarar kuwa ba ta shiga kwamfutocin yanzu, sai ta wani kati da ake turawa a ramin gefen laftop. Duk layin, ta Yaya kaɗai ke da ramin. Ya zaro katin daga cikin tarkacen durowa, ya hure shi, ya tura. Laftop ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Minti biyar," in ji shi.

Minti biyar ɗinsa ya haifi awa uku. Ya sa na'urar ta jero duk abin da ke jikinta, babu kati. Ya goge bakin katin, ya cire, ya mayar, ya danna da babban yatsa har farcensa ya yi fari. Ya shiga zauren masu irin cutarsa a intanet, ya tarar wani bawan Allah ya yi wannan tambayar shekara goma sha huɗu da suka wuce, daga baya mutumin ya dawo ya rubuta "na gyara, na gode", bai faɗi yadda ya yi ba. Sau biyu Yaya yana ja masa Allah ya isa.

Ni tela ce, amma ai na iya karatu. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga wata gajeriyar amsa can ƙasa: irin wannan laftop ba ta ganin katin sai in yana ciki tun kafin a kunna ta.

"Yaya, sun ce a kashe a kunna."

"Maganar 'yan koyo ce wannan."

"Tun yaushe ka ga amsar nan?"

Ya sosa gemu. Ashe tun sha biyu ya gani, ya yi ta neman wata hanya ta bayan gida. Raina ya ɓaci.

"Auta, saura kwana tara ta cika dubu," ya ce a hankali. "Kuma ta tsufa. In na kashe ta ƙi tashi fa?"

"In ta ƙi tashi, ka yi asarar bulo. Waccan lamba ce a jikin ƙofa, Yaya. Wannan Mama ce."

Uku da kwata mai hoto ya leƙo yana nuna agogo. Yaya ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ja dogon numfashi, ya danna maɓallin kashewa. Fankar cikin laftop ta tsaya. Ban taɓa jin shagon nan shiru haka ba, kuma gaskiya sai ya ba ni tausayi.

Ya sake dannawa. Ta yi tari, ta yi nishi, ta tashi. Ga kati nan a jeri, kamar ba shi ya wahalar da mu ba.

Kaset ya fara juyawa, laftop na kwasa. Tsohon falonmu ya fito, hoton sai rawa yake, domin Yaya ne ke riƙe da kyamarar aro lokacin yana saurayi. Sai ga Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta watsa masa harara.

"Kai dai ba ka da aikin yi! Kashe abin nan ka zo ka ci abinci, yana hucewa."

Na fashe da dariya, kuka ya biyo baya. Yaya, da furfurarsa da komai, ya matso da fuska dab da allo yana share ido da bayan hannu.

"To, Mama," in ji shi. "Ai na kashe."