Kawu Birki da Magen Yayarsa

Kawu Birki ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta. Yaran ne suka laƙaba masa sunan, don ko leda iska ta kwaso kan titi sai ya taka birki. Da ya yi ritaya sai ya kama sana'ar da ba a biya, wato ba da shawara. Daga bencin ƙofar shagon mai gyaran rediyo yake gyara auren wannan, ya gyara injin wancan, duka da fatar baki. Famfon gidansa kuwa ya shekara yana ɗiga, shi da kansa yake ba da labarin yana dariya.

Abu ɗaya ne bai taɓa sa baki a kai ba: mage. Ba ya sonta, ba ta sonsa, ko gilmawa ta yi sai atishawa ta kama shi. Sai ga yayarsa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, ta kira shi tana kuka. Wai magenta Gimbiya ta daina cin abinci.

Ya tafi da niyyar tsokana, ya tarar da abin da ya kashe masa baki. Magen na kwance ƙarƙashin kujera, hanci na zuba. Tukwane a kife, murhu a sanyaye, ga ƙwayoyin ciwon sukarin Yaya a kan tebur, irin waɗanda ba a sha sai an ci.

"Yaya, ke kin ci wani abu kuwa?"

"Ta ina zai wuce min, ga baiwar Allah tana kallona?"

Ta yunƙura za ta tashi, jiri ya mayar da ita. Nan fa ya tsorata ƙwarai. Mage dai mage ce, amma Yaya ita kaɗai ta rage masa a duniya da ke kiransa Auta.

Tunda jiri ba zai bar ta fita ba, shi ne ya saka magen a kwali ya tari tasi zuwa asibitin dabbobi. Magen na kuka, shi yana atishawa, har direban ya waiwayo ya ce, "Baba, wanne ne marar lafiyar a cikinku?"

Likitar ta duba ta ce mura ce ta toshe mata hanci, mage kuwa in ba ta ji ƙamshi ba, ba ta ci. A riƙa goge hancin, a ɗumama kifi, a ba ta magani, in ba ta ci ba zuwa jibi a dawo da ita.

"To mai magen fa, likita? Ita ma ta daina ci."

"Baba, ni ta dabbobi ce."

A hanyar dawowa ya ƙera ƙaryarsa, ya yi mata fenti. Yana shiga ya gyara murya. "Yaya, likita ta ce mage ba ta ci sai ta ga mai ita yana ci. Sabon bincike ne."

Ya dafa shinkafa, ta caɓe. Ya soya ƙwai, ya ƙone. Suka zauna a ƙasa gaban kujerar da faranti ɗaya. Kai, duniya! Dattijo mai jikoki ya durƙusa yana lumshe ido yana "Mmm, daɗi!" don ya burge mage. Da mutanen benci za su leƙo, ai shi da ba da shawara sai a lahira. Gimbiya ta kalle shi sama da ƙasa, ta juya masa baya. Yaya dai ta kai cokali ɗaya, ta ƙara, ta ci rabi, ta haɗiye ƙwayarta da ruwa.

Haka aka yi da rana, haka da yamma, haka washegari. Ana cikin wasan sai magen ta taso tana layi, ta shinshina kifin, ta lasa, ta ƙara lasa.

Kawu ya miƙe yana buga ƙirji. "Kin gani ko? Ilimi ke nan!"

"Zauna, Auta," in ji Yaya, ba ta ko ɗago ba. "Lambar likitar na jikin kwalbar magani. Tun jiya na kira ta. Sai da ta ƙware don dariya."

Ya zauna a hankali. "To me ya sa kika ci?"

Ta daɗe tana juya cokali a faranti. "Tun da aka fita da gawar Malam daga gidan nan, Gimbiya kaɗai ke zama gabana in zan ci abinci. Yunwa ina jinta sarai. Ci ni kaɗai ne ba na iyawa."

Gidansa layi biyu ne daga nan. Amma bai taɓa zuwa ya zauna sun ci abinci tare ba. Ya goge ido da bakin riga, ya ce gashin magen ne.

Yaya ta tura masa sauran ƙonannen ƙwan. "Gobe ma ka zo da ƙaryar taka," ta ce. "Amma ni zan yi girkin."