Yaya Garba ya tafi ya bar kwanso cikin duro

Ina bakin ƙofar sito a Fatakwal, inda nake gadi, wayata ta yi ƙara ana gab da la'asar. Hajara ce, matar yayana Garba. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba, ta “mijina na birni da ya manta hanyar Gwandu”. Cewa ta yi kawai, “Sani, yayanka ya cika.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in sami wanda zai riƙe mini ƙofar, har an kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, sana'ar Yaya Garba wanke kwanson harsashi ce. Maharban da ke tsare gonaki daga aladen daji ba sa zubar da kwanson tagulla bayan harbi, saboda sabo tsada gare shi. Sai su kawo masa, ya zuba a wani ƙaramin duro mai mariƙi tare da abin gogewa, ya yi ta juyawa har dattin ya fita, sannan su kai a sake cikawa. Juya duro kowa ya iya. Zaɓen abin da za a zuba a ciki shi ne aikin.

Idan kwanso ya yi baƙi ƙirin, dakakken ƙwallon aduwa yake sa masa, don shi ke da kaifi. Idan dattin sama-sama ne, totuwar masara da aka daka aka tankaɗe. Buntun shinkafa kuwa sai a ƙarshe, don ƙyalli. Da babban yatsa yake yanke hukunci: ya murza kwanson, ya nuna buhu. Bayan an gama kuma sai ya ɗaga kowanne ya duba ta hasken rana, kada wani tsakin totuwa ya maƙale a 'yar kafar gindinsa. Yakan ce, “Wanda zai harba wanga abu, fuskarshi na kusa da shi. Tawa tana gida.”

Yashi ne bai yarda da shi ba ko kaɗan. Wani maharbi daga Kalgo ya taɓa ce masa yashin gulbi ya fi sauri. Yaya ya ce, “Sauri kam akwai. Ka wanke idonka da shi gobe da safe, ka zo ka ba ni labari.” Yashi yana cin jikin tagulla, kwanson ya yi sirara, wata rana ya tsage a hannun mutum.

Ba zan ce mai sauƙin zama ba ne. Yana da taurin kai, kuma bai iya yabo ba. Na yi shekaru ina juya masa duro, abin da ya fi faɗa mini shi ne “sake”. Da zamani ya lalace, baƙin fuskoki suka fara zuwa da kwanso cike da jaka, ya ce shi ba ya taɓa kayan wanda bai san gidan ubansa da takardar bindigarsa ba. Aikin ya ragu har ya kasa riƙe gida biyu, nasa da nawa, ni ne na fito neman wani aiki. Na daɗe ina jin zafin wannan, har yau ma bai gama hucewa ba. Amma gaskiya tasa ce.

Bayan sadakar uku Hajara ta sake kira. Malam Bube, maharbin Wurogauri, ya zo karɓar kwanson maharban garinsu, ga masara ta nuna, alade na shiga gonaki. Kwanson na cikin duro yadda Yaya ya zuba su, bai kai ga sa komai ba.

Ta ce, “Wane buhu za a ɗiba, Sani? Kai kaɗai ka saura.”

Na ce ta faɗa mini kalarsu. Ta ce baƙi ne, amma ba can ba. Na ce ta murza. Ta ce, “Na murza. Mi zan ji?” Abin a yatsa yake, yatsan kuma yana Fatakwal riƙe da makullin wani.

Malam Bube ya karɓi wayar. “Ɗan'uwa, in ba hali mu kai su gulbi mu cuɗa da yashi. Gona ba ta jira.” Na roƙe shi don Allah kada ya yi. Ya ce to yaushe zan zo? Na tambayi mai siton, ya ce in na tafi kada in dawo. Na ce wa Hajara ta rufe duron ta ajiye. Ta ce ita tana takaba, ba za ta tsaya jayayya da maza a zaure ba, kuma kayansu ne. Jiya suka kwashe. Ban san da me suka wanke ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajara da 'ya'yansa haƙuri, Ya zama gatansu, tunda ni ban isa ba. Ya Allah, Ka tsare idanu da hannuwan mutanen Wurogauri a wannan kakar. Amin.