Ɗan Lifidi Mai Katifa

Kawuna ɗinkin katifar auduga ya yi duk rayuwarsa, a wani ɗan shago bayan tashar mota. Ba mai kiran sunansa na yanka. Ɗan Lifidi kowa ya sani.

Tun yana saurayi ya samu sunan, ranar da gobara ta kama shagon telan da ke maƙwabtaka da shi. Kawu ya jiƙa katifa sharkaf, ya naɗe jikinsa da ita, ya kutsa cikin hayaƙi ya fito da telan a kafaɗa. Wani tsoho mai gyaran agogo ya ce, "Yau na ga ɗan lifidi ba doki."

Ina ƙarama na tambaye shi ma'anar sunan.

Ya ce, "Lifidi riga ce da ake cusa wa auduga a ɗinke ta da kauri. Mayaƙi ya sa, dokinsa ma a sa masa, kibiya in ta zo sai ta maƙale. Su ne 'yan lifidi. An ce daga Larabci kalmar ta zo, sunan gashin da aka danne ya haɗe." Ya yi dariya. "Kin ga sana'armu ɗaya da masu ɗinka musu, sai dai nawa mayaƙan da minshari suke yaƙi."

'Ya'yansa duk sun rasu suna ƙanana, sai Auta kaɗai. Da katifar soso ta cika kasuwa ciniki ya mutu, Auta ya ce zai shiga soja. Kawu bai hana shi ba. Ya zauna ya ɗinka masa 'yar riga mai auduga, ɗinki ƙanana kamar na hula.

Auta ya ce, "Baba, harsashi fa ake harbawa yanzu."

"Na sani. Ta sanyi ce."

Bayan damina biyu wani soja ya zo shagon, hularsa a hannu. Kawu na tsakiyar ɗinki. Ya saurare shi har ya gama, ya ƙarasa layin da yake kai, ya ƙulle zaren. Sannan ya ce, "Auta ya daɗe yana jin jiki kafin ya cika?"

Sojan ya ce a'a. Kawu ya yi masa godiya, har ya raka shi bakin titi.

Bai ƙara zura allura ba. Kullum dai yakan buɗe shagon, ya share, ya zauna. Tarin da ƙurar auduga ta daɗe da sa masa ya yi tsanani, bai kai wata daminar ba. Matarsa, Inna, ta koma wajenmu. Har yanzu in ta ji takun takalmi mai nauyi a ƙofar gida, sai ta ajiye abin da ke hannunta.