Lemun Tsamin Gwaggo

Tururuwa na fara gani ranar da aka kawo ni gidan gwaggo a Magariya don in shiga kwaleji. Sun yi layi daga gindin randa, suna hawa wani tsohon bokiti da dashen lemun tsami a ciki. Tsayinsa bai wuce ƙuguna ba.

Ɗan gwaggo ne ya shuka shi kafin ya tafi neman aiki Agadas. Gidan na haya ne, shi ya sa ba a sa shi a ƙasa ba. Duk sanda ya kira ta a salula sai ya tambayi lemunsa, ita kuwa ta ce yana nan lafiya, har ya fi shi ƙiba.

Ni ba mai magana ba ce. In na dawo daga lakwal, wato makaranta, kusa da bokitin nake zama da littafina. A nan na ga wani farin abu a bayan ganye da hammatar rassa. Gwaggo ta ce audugar katifa ce da aka buge a tsakar gida. Da na murje ɗaya da tsinke sai ruwa ja ya fito. Ganyen duk ya yi danƙo, shi tururuwan ke bi.

Na fara goge su da tsumma da ruwan sabulu, ganye bayan ganye, kamar yadda innata ke yi wa barkononta a Kwaya. Suna raguwa, amma a hankali. Wata rana na daure na juya mata ganye ɗaya, na ce ƙwari ne. Da ma ban nuna mata ba, don a makon ne ɗanta ya ce zai zo da sallah.

Hankalinta ya tashi. Ta aika wa maƙwabcinmu, manomin wake, shi kuwa ya zo da maganin feshin gonarsa. Da ya ga tsummana sai ya yi dariya.

"'Yar lakwal, wanka kike musu? Matsa ki gani," in ji shi.

Ya haɗa maganin yadda yake haɗa wa gona, ya jiƙa dashen sharkaf da tsakar rana. Ƙwarin sun mutu. Kafin Juma'a ganyen ya ƙone, ya nannaɗe, ya zube a bokitin. Gwaggo ta daina ɗaukar salula in ɗanta ne, sai ta miƙo mini ta ce in ce tana salla.

Kafin ranar da ta ɗauki bokitin za ta juye a bola, na riga na kankare bawon gindin da farce. Can ƙasa, dab da turɓaya, akwai sauran kore kaɗan. Ban san ko zai tsiro ba. Na riƙe bakin bokitin, na ce:

"Gwaggo, don Allah ki bar mini shi a inuwar ɗakin girki, ko zuwa faɗuwar ruwan farko."