Kwanson Harsashin Baba

Da Baba ya rasu, bindigarsa ta koma hannun yayana, ni kuma aka ba ni keke da rediyo. Ban ji haushi ba. Shi ne babba, kuma da sunansa aka sabunta lasisin. A lokacin duk mun manyanta, kowa da iyalinsa, muna noma gona ɗaya a bakin daji, kudu da Burumburum.

Bindigar ba irin ta maharba ba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Baba ya yi gadi a wurin haƙar kuza a Riruwai, da aikin ya mutu sai shugaban wurin ya bar masa ita, tare da kwanson harsashi arba'in da ɗaya, da wani ƙarfen matsi da ake ɗaurewa a jikin benci. Sabon harsashinta ba ya samuwa ko a Kano. Saboda haka duk wanda aka harba sai an tsinci kwansonsa, a goge, a matse, a sake cikawa. Ba don sha'awa muke harbi ba. Gadu ne ke fitowa daga daji ya tone mana dankali, ya kwantar da masara kamar an bi ta da turmi.

Ƙarfen matsin yana da baki biyu da ake sauyawa, gajere da dogo. Shi gajeren, wuyan kwanson kawai yake tsukewa don ya riƙe dalma, sauran jikin ya bar shi yadda cikin bindigar ya fasalta shi. Kwanson da ake yi wa haka yana daɗewa, sai dai a hankali yana kumbura, har wata rana ya ƙi shiga. Dogon kuwa haɗiye kwanson yake yi gaba ɗaya, ya mai da shi kamar sabo, ya shige bindiga sumul. Amma kowane matsi yana cin jikinsa, ba a jimawa sai ya tsage.

Yaya mutumin gajeren bakin ne. Ni na dogo.

Kakar farko bayan rasuwar Baba muka zauna a zaure da hantsi, ya zube kwanson a kan tabarma yana jera su.

"Idan muka bi ta taka, shekara uku ba za mu ga ko ɗaya ba," in ji shi.

"Yaya, harsashin da ya ƙi shiga ranar da ake nemansa, da shi da babu duk ɗaya ne."

"Ai hannu yana ji. In ya fara tauri zan sani."

"In ka sani a zaure, to. In a gona ka sani fa?"

Ya sunkuya ya ƙirga kwanson. Ya ware ashirin ya turo gabana, ya tattara ashirin da ɗaya ya zuba a gwangwanin madara. Ya ce kowa ya yi yadda ya ga dama da nasa, ranar da mutum yake tsaron gona ya ɗauki bindigar da harsashinsa.

Nawa ne suka fara ƙarewa. Sai in ɗaga kwanso a rana in ga wani siririn zobe mai haske kusa da gindinsa, in na sake matsawa sai ya buɗe a nan. Wani ma a cikin bindigar ya rabe biyu, muka wuni muna zaƙulo rabinsa da waya. A damina ta huɗu saura uku gare ni. Yaya yana da goma sha tara. Bai taɓa yi mini gori ba, sai dai in ya zo wucewa ina aiki a bencin, yakan tsaya ya dubi tafin hannuna, ya wuce.

A wannan kakar ce abin ya faru. Masara ta bushe, muna shirin karya. Da safe muka je tare, shi da bindiga, ni da adda. Muka tarar da wani ƙaton gadu a tsakiyar gonar, bai ma damu da mu ba. Yaya ya durƙusa ya harba. Ya same shi, amma a cinya. Maimakon ya yi daji sai ya juyo. Na ga Yaya ya ja sakatar bindigar, kwanson ya faɗo, ya tura na biyu. Sakatar ta tafi rabi ta tsaya. Ya doke ta da tafin hannu sau biyu. Ba ta rufe ba.

Haƙorin gadun ya kama shi a bayan gwiwa. Na iso ina ihu ina sara, dabbar ta bar shi ta shige ciyawa. Na yage rigata na ɗaure ƙafar. Wani Bafulatani maƙwabcinmu, da ke kiwo a gefen rafi, shi ya zo da babur, muka sa Yaya a tsakiya har asibiti a Tudun Wada. Duk tsawon hanyar abu ɗaya Yaya ya ce mini.

"Ka koma ka ɗauko kwanson. Yana nan gindin kuka."

Na koma washegari na ɗauko.

An ɗinke shi, amma jijiyar ta riga ta tsinke. Ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba. Bayan wata biyu, yana zaune a zaure da sanda a gefensa, ya miƙo mini gwangwanin.

"Sa su a dogon."

"Duka?"

"Duka."

Na yi ta matsawa ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Sun daɗe ba su ga dogon ba, sun yi tauri, biyar suka tsage a wuya nan take. Duk wanda ya tsage sai in ajiye shi gefe ban ɗaga kai ba. Na so ya ce wani abu, ko da faɗa ne. Da na gama sai ya ce a kawo masa buta, azahar ta yi.

Shekara biyu na yi ina tsaron gonar ni kaɗai. Sannan dajin ya canza. Aka fara ganin baƙin fuskoki a hanyar rafi, masu bindigogin da ba sa tsayawa numfashi. Aka kore shanun maƙwabcin nan namu da rana tsaka, ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, ko sallama ba mu samu yi ba. Aka ɗauke wani manomi a gonar da ke gaba da tamu. Wata safiya na tarar da sawun takalma a bukkata, an sha ruwan tuluna an kife shi. Na tsaya da bindigar a hannu, harsashi tara a aljihu, na san ba abin da za su yi mini sai jawo mini mutuwa.

Ba da daɗewa ba mai gari ya tara mu ya ce an ba da umarni, duk mai bindiga ya kai ta ofishin 'yan sanda, da lasisi ko babu. Yaya ya ce in kai. Na naɗe ta a buhu na ɗaure a bayan keke. Wanda ya karɓa ya juya ta yana murmushi, ya tambaye ni ko tana tashi kuwa. Ya ba ni wata 'yar takarda, ya jefa ta kan tulin wasu a kusurwa.

Ba mu sake noma gonar ba. Mun nemi mai saye, kowa ya ji inda take sai ya girgiza kai. 'Ya'yan Yaya biyu suka tafi Kano, ɗaya yana tura ruwa, ɗayan ba mu cika jin labarinsa ba. Ni yanzu ƙwadago nake yi a gonakin rani wajen Bagauda, ina dashen tumatir ɗin wasu, in koma gida ran Alhamis da yamma.

Watan jiya na tarar da Yaya ya rame, ƙafar ta kumbura har ƙugu. Matarsa ta ce ya daina fita masallaci. Na zauna kusa da shi, ya tambaye ni ko an fara ruwa a can, na ce an yi sau ɗaya. Ya ce da yanzu an gama sharar gona. Na ce haka ne. Da aka kawo tuwo, ya ci loma biyu ya ture kwanon.